Kunama Ya Sayar da Abokin Tafiya, Abokina Ya Daina Kula Ni

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Manchesta, ƙasar Ingila. Tun zuwana na shiga cikin wasu abokan karatu da muke haɗuwa duk daren Asabar muna buga Dungeons & Dragons, wasan nan da ake kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ƙirƙiri mutum guda yana magana da yawunsa, a jefa ƙwayar lido a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Nawa mutumin ɓarawo ne kuma makashi, na sa masa suna Kunama, tun ranar farko na rubuta a takardarsa cewa mugu ne. A zaman da ya wuce na miƙa wa mai jan labari 'yar takarda a ɓoye, Kunama ya haɗa baki da abokan gaba, ya sayar musu da mai maganin ayarinmu, ya gudu da dukiyar da muka tara. Aka kashe mai maganin. Abokin da ke riƙe da shi ya kusa shekara yana rainonsa. Nan take ya tattara kayansa ya fita, har yau bai amsa saƙona ba. Na ce masa ai wasa ne, kuma abin da Kunama zai yi ke nan. Shin na yi laifi? Abu na biyu da ya fi damuna: wallahi ina jin daɗin zama Kunama. Wani ɗan garinmu da muke gida ɗaya ya ji ni ina gwada muryarsa a ɗaki, ya ce wannan shaiɗanci ne, wai abin da ke zuciya ne ke fitowa. Anya kuwa ba wani mugun abu a tare da ni?

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Tambayar da ta fi hana ka barci ita ce mai sauƙin amsa, bari in fara sallamar ta. Jin daɗin taka rawar mugu ba ciwo ba ne. Tsohuwar da ke yi wa jikoki tatsuniya, in ta iso kan Dodo takan kumbura murya har yara su manne wa juna, kuma kowa na gani tana jin daɗin abin, amma ba a taɓa zargin ta da sha'awar naman mutane ba. A teburinku ma, duba mai jan labarin: kowace Asabar shi ne azzalumin sarki, shi ne shugaban 'yan fashi, shi ne matsafin da ya ƙone ƙauye, sannan a tashi ya taya ku wanke kofuna. Mugu yana da daɗin takawa saboda ya san abin da yake so kuma ba ya jin nauyin kowa. Ɗalibin da ya wuni mako guda a ƙasar mutane yana ta "sannu" da "yi haƙuri", yana taka-tsantsan da kowace kalma, ba abin mamaki ba ne in ya ji sanyi a ransa da ya samu awa uku da ba sai ya ba kowa haƙuri ba.

Maganar ɗan garinku kuwa, ba shi ya fara ta ba. Wasan ya fito a Amurka a 1974, daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Bai cika shekara goma ba aka taso shi a gaba da zargin koyar da bautar shaiɗan. Wata uwa a jihar Virginia, Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa a 1982, ta ɗora alhakin a kan wasan, ta kai ƙara, kotu ta kori ƙarar, sai ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983. A 1985 har shirin talabijin na 60 Minutes ya ɗauki maganar. Hayaniyar ta kai ga lokacin da kamfanin ya fitar da bugu na biyu a 1989, sai ya sauya wa shaiɗanun da ke cikin littattafan suna, ya kuma cire makasa irin Kunama daga jerin abin da ɗan wasa zai zaɓa. Ƙura ta lafa ba tare da an tabbatar da zargin ba, makashin ma ya dawo abinsa.

Wuri ɗaya zan ba ɗan garinku gaskiya: bakin da Kunama ke magana da shi naka ne. In labari ya kai inda zai rantse da wani gunki ko ya roƙe shi, ba dole sai kalmomin sun fito daga harshenka ba. Ka ce "Kunama ya yi surkullensa", a wuce. Wasan ya yarda da haka, 'yan wasa da yawa ma da "ya ce, ya yi" suke tafiya daga farko har ƙarshe. Hukuncin ƙwayar lido da makamantansa kuma fagen malamai ne, ka kai wa wanda ka amince da iliminsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ka yi laifi? E, ka yi, kuma kalmar da ka kare kanka da ita ta fi aikin ciwo.

"Abin da Kunama zai yi ke nan." To wa ya rubuta 'yar takardar? Kunama ba shi da hannu, ba shi da biro. Kai ka ƙirƙire shi, kai ke zaɓa masa a kowace mararraba, kuma a wannan dare hanyoyin mugunta da ke gabansa sun fi ɗaya. Yana iya karɓar kuɗin abokan gaba ya yaudare su su ma. Yana iya riƙe wani sirrin mai maganin yana juya shi da shi. Yana iya ɗebe kashi ɗaya na dukiyar ya ɗora wa wani bawan Allah sharri. Mugu mai hankali ma ba ya sayar da wanda ke ɗinke masa rauni bayan kowane faɗa. Duk waɗannan Kunama ne, babu wadda za ta sa a ce ya tuba. A cikinsu ka zaɓi guda ɗaya tak da za ta sauka a kan mutum mai rai da ke zaune kusa da kai.

Ka tsaya ka lissafa abin da ya rasa. A wasan nan mutum yana tashi daga mataki na 1 yana hawa a hankali zuwa na 20, kuma sau da yawa makonni ake yi kafin a taka mataki ɗaya. Abokinka ya ba mai maganin nan suna da asali da buri, ya haddace abin da yake iyawa, wataƙila ya tsara inda yake so labarinsa ya ƙare. Mutuwa a fagen fama kowa ya san tana iya zuwa. Ƙwaya ta faɗi ba daidai ba, a yi jimami, a yi dariya, a ƙirƙiri wani. Wannan daban ce. An yanke hukuncin a takardar da bai gani ba, tsakanin mutum biyu da ya amince da su, ba a ba shi ko damar jefa ƙwaya ya kare kansa ba. Ya tashi daga teburin yana jin an mai da shi abin dariya a gaban mutane. Da ka ce masa "ai wasa ne", abin da ya ji shi ne shekarar da ya kashe ba komai ba ce, kuma shi ne mai ƙaramar zuciya.

Kada kuma ka ɗauka wayo ka yi masa. An gina wasan ne a kan ayarin da ke jingine da juna: mai takobi a gaba, mai magani a baya, ɓarawo yana duba tarko, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ba fargaba. Littafin dokokin wasan ma da ayari yake auna ƙarfin dodannin da za a turo. Abokinka bai sa ido a kan Kunama ba domin ya ɗauka ku duka ƙa'ida ɗaya kuke bi, ko da ba a furta ta ba. Shiga ƙofar da aka bar maka a buɗe don an yarda da kai ba gwaninta ba ce, sunanta zamba cikin aminci.

Akwai bambanci da 'yan wasa kan manta tsakanin bos, wato babban abokin gaba na labarin, da mai jan labari ke riƙewa da mugun da ɗan wasa ke riƙewa. Na mai jan labari an halicce shi ne domin ya faɗi. Ka ɗauki Strahd, mai shan jinin da ke mulkin ƙasar Barovia a ɗaya daga labaran wasan, wanda Tracy da Laura Hickman suka ƙirƙira a 1983, aka sake fito da labarinsa a 2016. Yakan leƙo 'yan wasa tun suna da rauni, ya gayyace su cin abinci a fadarsa, ya yi musu ba'a, ya taɓa waɗanda suke ƙauna. Duk wannan ƙeta tanadi ce: ana tara musu haushi ne domin ranar da suka kai shi ƙasa ta yi musu daɗi. Wanda ke riƙe da shi, a ƙasan ransa, yana bayan 'yan wasan. Mugun ɗan wasa kuwa a cikin sansani yake kwana, ya san sirrin kowa, kuma mai riƙe da shi yana son ya ci nasara. Nan haɗarin yake. Shi ya sa tebura da yawa suke hana shi gaba ɗaya, kuma tsarin wasannin bainar jama'a na kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya daɗe yana taƙaita shi, domin a can baƙi ne ke haɗuwa, ba wanda ya san halin wani.

In cin amana kake marmari, akwai wasannin da aka ɗinka dominsa. Paranoia, wanda ya fito a 1984, kowane ɗan wasa a cikinsa maci amana ne a ɓoye, ana ta tona wa juna asiri ana harbe juna. Me ya sa a can dariya ake yi? Kowa ya san da haka kafin ya zauna, sannan kowa yana da rai shida, in an kashe ɗaya a turo masa na gaba. An amince tun farko, kuma asarar ba ta da nauyi. A darenku babu ko ɗaya cikin biyun.

Kalmar "mugu" da ka rubuta a takarda ma ba lasisi ba ce. Gidajen hali tara da wasan ke amfani da su tun ƙarshen shekarun 1970, daga mai kirki mai bin doka har zuwa mugu mara kan gado, bayani ne a kan yadda mutum ya saba yi. Ba umarni ba ne. Kuma ko a cikin miyagun, akwai wanda ke cika alkawari, yana riƙe da mutanensa gam, amma bai ɗauki ran wanda ke wajen da'irarsa a bakin komai ba. Irin wannan shi ke iya zama a ayari har shekara ba a yi baram-baram ba, kuma a ganina ya fi ban tsoro nesa ba kusa ba a kan wanda ke soke duk wanda ya juya masa baya.

Saboda haka in za ka ci gaba da shi, ko ka ƙirƙiri wani irinsa, fara da tambayar me yake nema da ba zai samu shi kaɗai ba. Sarautar da aka ƙwace wa gidansu? Fansa a kan wani mai ƙarfi? Bashin rai da ɗaya daga cikin ayarin ke bin sa? Da zarar yana buƙatar mutanen nan, sai muguntar ta juya waje: kan hakimin da za a tsorata, attajirin da za a damfara, mai gadin da za a saye. Waɗannan duka mai jan labari ne ke riƙe da su, kuma aikinsa ke nan, ba zai tafi gida da ciwon rai ba.

Mafi daɗin abin da mugu ke kawo wa tebur, in ka tambaye ni, tayi ne. An kama fursuna, ya ƙi magana, gari na cikin haɗari, lokaci na ƙurewa. Sai Kunama ya ce a hankali, "Ku fita ku sha iska, ku bar ni da shi." Ka ga yanzu kowa ya samu abin yi. Mai takobi zai kau da kai ko zai tare ƙofa? Mai magani zai yi wa'azi ko zai yi shiru domin ya san babu wata hanya? In suka bari, gobe da wane ido za su kalli juna? Muguntarka ta zama madubin da kirkinsu ke fitowa a ciki, kowa ya tashi yana jin shi ma ya yi wasa. Wancan daren kai kaɗai ka yi wasa, sauran 'yan kallo ne, ɗaya kuma abin yanka.

Sirri ma yana da tsari. Ɓoye wa mutanen cikin labari, kada ka ɓoye wa mutanen da ke kan kujera. Kana iya faɗa a fili, kowa na ji, cewa cikin dare Kunama ya sulale ya gana da abokan gaba. Abokanka sun sani, mutanensu ba su sani ba, kuma wannan ya fi 'yar takarda armashi, domin yanzu kowa yana zaune a kan ƙaya yana jiran ranar da asiri zai tonu. In kuwa makircin zai taɓa ran wani ko wani abu da yake ji da shi, ka same shi tun kafin zama ka ce, ga abin da nake tunani, ka yarda? Za ka sha mamakin yawan waɗanda za su ce e, har su ƙara maka gishiri, matuƙar da su aka shirya.

Sannan ka shirya faɗuwa. Ranar da Kunama ya juya wa ayari baya gaba ɗaya, ya tashi daga naka ya koma bos, kuma daidai ne ka miƙa takardarsa ga mai jan labari, ka ƙirƙiri sabon mutum ka shiga sahun masu farautarsa. Wasu wasannin sun mai da wannan doka. A Vampire: The Masquerade na 1991, inda kowa dodo ne tun asali, akwai ma'aunin mutuntaka da ke sauka duk lokacin da ka aikata ta'asa, in ya kai sifili, mutumin ya fita daga hannunka. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. A teburin wasa ma ka gina shi da sanin cewa kai za ka faɗa, kuma ka faɗa da kyau yadda za a daɗe ana labari.

Da alama kuma ba ku taɓa yin zaman share fage ba, wanda ake yi kafin a fara labari a tambayi kowa me ya yarda da shi. Ku yi shi yanzu, bai ɓaci ba. An yarda ɗan wasa ya cuci ɗan wasa? Sata fa? Kisa fa? Akwai tsarin da Ron Edwards ya bayyana a 2003 na iyaka da labule: abin da aka sa wa iyaka ba ya shiga labari sam, abin da aka sa wa labule yana faruwa amma ba a kwatanta shi. Akwai kuma katin nan mai alamar X na John Stavropoulos, a ajiye shi tsakiyar tebur, duk wanda abu ya yi wa nauyi ya taɓa shi, a sauya akala ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ga mai riƙe da mugu wannan gata ne, domin ya san inda zai taka da ƙarfi. Ku ɗalibai ne daga ƙasashe daban-daban. Ba ka san wanda ya taso a inda azabtar da fursuna ko ƙone ƙauye ba tatsuniya ba ne.

Akwai tambaya ɗaya da ba sai ka ba ni amsarta ba. Me ya sa mai maganin? Cikin duk mutanen ayari, me ya sa nasa? In a 'yan makonnin nan yana yawan katse ka, ko ya fi ka samun yabo a tebur, ko akwai wata ƙullalliya daga aji, to a nan kaɗai maganar ɗan garinku za ta iya kama ka. Murya mai kauri a ɗaki ba alamar komai ba ce. Abin dubawa shi ne mutum ya riƙa aika wa abokinsa saƙon da ba zai iya faɗa ido da ido ba, ya laɓe a bayan takarda. In ka bincika ka ga ba haka ba ne, zumuɗin labari ne ya kwashe ka, alhamdu lillahi.

Abin yi yanzu: ka neme shi shi kaɗai, ba a zauren WhatsApp na ƙungiya ba, kuma in zai yiwu ƙafa da ƙafa. Kada sunan Kunama ya fito a matsayin mai laifi. Ka ce ni na zaɓi abin nan, ban tambaye ka ba, na ɓata maka abin da ka daɗe kana ginawa, kuma amsar da na ba ka a daren ba ta dace ba. Ka tsaya a nan, kada "amma" ta biyo baya. Mai jan labarin ma yana da nasa kason, domin shi ya karɓi takardar ya zartar alhali yana iya dakatar da wasa ya tambayi tebur. Ka faɗa masa hakan a gefe cikin mutunci, amma kada ka kai wa abokinka wannan a matsayin uzuri.

Gyaran labarin kuma ka bar masa zaɓi. Ana iya shafe daren gaba ɗaya a ce bai faru ba. Tebur naku ne, ba alƙalin da zai hana. Ana iya tayar da mai maganin: a dokokin bugun 2014 akwai sihirin da ke dawo da wanda bai wuce kwana 10 da mutuwa ba, da lu'ulu'un da ya kai tsabar zinare 500, kuma ka san aljihun da ya kamata kuɗin nan su fito. Ana iya barin mutuwar yadda take, abokinka ya ƙirƙiri ƙanen mamacin ya zo neman jini, Kunama ya koma hannun mai jan labari. Duk wanda ya ɗauka, ka karɓa ba ciniki.

Yana iya cewa ba zai dawo teburin ba matuƙar kana nan. In ta kai ga haka, kai za ka ja da baya na ɗan lokaci, ba shi ba, ka gaya wa sauran da bakinka cewa kai ka nemi hakan, su ci gaba da zamansu na Asabar da shi.